Ruwan Buta da Ruwan Randa

'Yar ƙanwata ce ta tayar da maganar, wata Asabar bayan la'asar, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Mairi. Tana shirin jarrabawar JAMB, littafin tsofaffin tambayoyi a kan cinyarta, ta iso wurin da ake ba ɗalibi kalma ɗaya a ce ya zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, mutanen nan so suke su kayar da mu kawai. Clean, pure, hygienic, sterile, duk na duba su, duk tsabta suke nufi. To wacce zan zaɓa?"

Kafin in buɗe baki sai ga mai moya ya tsaya da kurarsa. Haka muke kiran mai sayar da ruwa a Maiduguri, wanda Kanawa ke ce wa ɗan garuwa. Moya ruwa ne a bakin Larabawa. Mairi unguwa ce da ta jingina da Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, cike da ɗalibai da ma'aikata da mutanen da rikici ya koro daga Bama da Konduga da Gwoza, kuma gidaje da yawa a cikinta da jarkar mai moya suke kwana suke tashi. Mai moyan ya sauke jarka biyu ya juye mana a duro. Ruwan garai-garai, kana hango gindin duron.

Na ce mata, "Dubi ruwan nan. Za ki yi alwala da shi?"

Ta ce, "Sosai ma."

"Za ki ɗura wa jaririn yayarki?"

Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Sai an tafasa, Kawu."

"In an kai mutum ɗakin tiyata a asibitin koyarwa, za a zuba masa shi a cikin da aka tsaga?"

Ta ce, "Ina! Ai kashe shi za a yi."

Ruwa ɗaya, a duro ɗaya, ya sami amsa uku daga bakin yarinya ɗaya cikin minti guda. Ashe ta riga ta san bambancin da take cewa babu. Abin da ya rage shi ne ta san sunan kowane, kuma tun ranar nake ta juya maganar a raina, don na lura manyanmu ma muna cakuɗa waɗannan sunaye, cakuɗawar kuwa wani lokaci har rai take ci.

Na Turancin ba su da wuyar warwarewa. Clean ita ce 'yar gida, tsohuwar kalmar Ingilishi, kuma yau aikinta aikin ido ne da hanci: an share, an wanke, ba dauɗa, ba wari. Pure baƙuwa ce da ta shigo daga Latin ta bakin Faransawa bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, ma'anarta abin da ba a gauraya shi da komai ba. In Bature ya faɗe ta a kan zuma ko zinariya, Bahaushe tsantsa zai ce, ko zalla; in ya faɗe ta a kan zuciya ko niyya, to nan ta zo kusa da tsarki. Hygienic daga kalmar Girkawa ta lafiya ta fito, ba ruwanta da kyan gani, tambayarta ɗaya ce: wannan abin zai sa mutum ciwo ko kuwa? Sterile kuma asalinta a Latin juya ce, ko ƙasar da ba ta fid da tsiro, shi ya sa likitoci suka ɗauke ta suka ba kayan aikin da ba sauran wani abu mai rai a jikinsu, irin almakashin da aka turara a tukunyar asibiti a zafin digiri 121 na minti 15 ko fiye. Rezar da aka wanke da sabulu tana ƙyalli ta cika ta farko, amma ba ta cika ta ƙarshe ba, kuma da irinta aka yanke wa jarirai da yawa cibiya suka kamu da sandarewar wuya.

Da na gama wannan bayani sai na ga kamar na yi wa harshenmu rashin adalci, kamar Turanci ne mai kalmomi, mu kuwa tsabta kaɗai muke da ita. Alhali in ana maganar wanki da wanka Hausa ba ta da talauci ko kaɗan. Kwano yakan fita tas, tsakar gida ta yi fes, riga ta yi fari ƙal, ɗaki ya yi tsaf, ruwa ya kwanta garai-garai. A ɗaya ɓangaren akwai datti, akwai dauɗa, akwai ƙazanta, akwai najasa, kuma kowace da matsayinta: ƙurar da ta hau takalmi datti ce, abin da ya taru a wuyan riga dauɗa ne, ƙazanta har halin mutum takan shafa, najasa kuwa hukunci ne na shari'a. Sama da duka akwai tagwayen nan biyu da kowane yaro ke ji tun yana goye, tsabta da tsarki. Larabci ma ya raba su, nazafa daban, ɗahara daban. Turanci ne ma ba shi da kalma guda da ta tsaya daidai inda tsarki ya tsaya, sai ya haɗa biyu ko uku kafin ya kamo ma'anar.

Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san cewa kusan da babin ruwa ake fara fiƙihu. Ahalari da Ishmawi da Iziyya, har zuwa Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan da Muhtasar na Shehu Halil, duk sai sun tsaya a kan ruwa kafin su kai ga salla. Abin da muka koya a mazhabar Malikiyya shi ne ana duba abu uku: launi, ɗanɗano, da ƙanshi ko wari. Ruwan da ya zauna yadda Allah Ya halicce shi, na sama ne ko na rijiya ko na kogi, mai tsarki ne kuma yana tsarkakewa. In wani abu mai tsarki ya canza shi, kamar sabulu ko nono ko sukari, to yana nan da tsarkinsa, a yi wanki da shi ko girki, amma ba a alwala da shi. In najasa ce ta canza shi, ya tashi daga aiki. Sannan aka yi sassauci ga abin da ruwa ba ya rabuwa da shi a mazauninsa, kamar laka ko gansakuka ko gishirin ƙasar wurin.

A dubi abin da wannan ya haifar. Ruwan kumfar sabulu, wanda ya fi kowane ruwa fitar da dauɗa, ba ya ɗauke ƙaramin hadasi. Jan ruwan Ngadda na damina, wanda ba mai yarda ya wanke farar shaddarsa da shi, alwala da shi ta yi. In ruwa ya ɓace gaba ɗaya, ƙasa ake bugawa a yi taimama, ƙasar nan da uwa ke kakkaɓe wa ɗanta daga jiki tana faɗa. Kashin akuya da na saniya, a mazhabarmu, ba najasa ba ne muddin dabbar ba najasa take ci ba, amma ba matar da za ta bar shi a bakin murhu ta ce ta yi tsabta. Mutum kuma zai iya fitowa daga wanka da sabulu mai tsada, ya fesa turare, ya sa sabuwar gezna, alhali janaba na kansa domin bai yi niyya ba. Duk wanda ya riƙe waɗannan misalai ba zai sake ɗaukar tsabta da tsarki abu ɗaya ba.

Na kai wa limamin masallacin layinmu wannan magana bayan sallar isha'i, dattijo ne Babarbare da ya yi karatunsa a tsangaya kafin ya zauna gaban malaman fiƙihu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canza ba, amma likita ya ce akwai ƙwayar cuta a ciki, mene ne hukuncinsa?"

Ya ce, "Malam, babin da kake karantawa babin alwala ne. Tambayar da aka yi wa littafin ita ce, da wane ruwa salla ke inganta, shi kuma ya amsa. Ba a tambaye shi wanne za a ba jariri ba. Maganar sha tana wani babin, inda aka hana mutum cutar da kansa ko waninsa." Ya ƙara da cewa mai Risala ma ya tsananta a kan ruwa kaɗan, yana ganin najasa kaɗan tana ɓata shi ko ba ta canza kamanninsa ba. Wato malaman da ba su taɓa ganin madubin likita ba sun riga sun yi zargin cewa ido ba ya gama gani.

Wannan amsa ta yi mini daɗi ƙwarai, domin na sha jin masu boko suna ɗora wa addini laifin da ba nasa ba, na kuma sha jin dattawa suna kare gurɓataccen ruwa da hujjar da ba a ajiye ta don haka ba. Mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya, a da tana cikin na biyun. In aka ce a tafasa ruwan sha sai ta ce, "Ruwan da nake alwala da shi in tsaya gaban Ubangijina, shi ne za a ce bai isa ya shiga cikina ba?" Magana ce mai nauyi, daga zuciya mai imani ta fito, amma ta ɗora wa tsarki kayan da ba nasa ba.

Akwai kalmar Turanci ɗaya daga cikin huɗun nan da ta shigo Hausa ta zauna daram, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana faɗinta: fiya wata. Ledar ruwa ce mai rabin lita, guda 20 a jaka, wadda muka daɗe muna saye naira biyar kafin kaya su yi tsada. A ƙofar jami'a, a tashar Keke Napep, a gidan biki da gidan makoki, ita ce ruwan baƙo. Sunan ya yi alkawari babba, domin in za a bi ma'anar kalmar, ruwa ne zalla da ba komai a cikinsa. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba masu wannan sana'a lamba, kuma a zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, an matsa wa masu yi a ɓoye lamba sosai. Akwai masu tsoron Allah a cikin sana'ar, suna tacewa suna sa magani yadda aka ce. Amma ni da kaina na taɓa sayen jaka guda a wani shago, na ɗaga leda ɗaya a rana na ga wani abu kamar zare yana yawo a ciki, ga lamba a jiki, ga sunan nan mai daɗi. Ko wadda aka yi da gaskiya, ta bi hannun mai lodi da mai talla da kankarar da ba a san ruwanta ba, sannan mu sa haƙori mu ɓula kusurwar da kowa ya taɓa. In an shanye kuma a jefar, ledar ta tafi ta toshe lambatu, ruwan sama ya rasa hanya ya kwanta a layi, sauro ya samu gida.

Da can akwai duba-gari, wanda in ya shigo unguwa mata ke rige-rigen rufe randa da share bayan gida, domin yakan leƙa har cikin tulu. A 1985 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta shigar da tsabtar muhalli cikin yaƙinta da rashin ɗa'a, daga nan sharar ƙarshen wata ta samo asali. Duk waɗannan na ido ne, suna da amfaninsu, amma iyakarsu inda ido ya tsaya.

Inda ido ya kasa, mun gan shi a 2024. A daren 9 ga Satumba, wayewar Talata 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya mamaye Fori da Galtimari da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa, ya rufe gadoji har gari ya rabu biyu. Ya bi ta gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya bi ta maƙabarta, ya bi ta dubban masai da kwatoci, ya kwashi abin da ya kwasa. Ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu, aka sake buɗe sansanin masu gudun hijira na Bakasi da aka rufe. Mu da ke wannan ɓangare na hanyar Bama mun karɓi 'yan'uwa da abin da ke jikinsu kawai.

Ruwan ambaliyar kansa ba wanda ya yi jayayya a kansa. Launinsa ya canza, warinsa ya canza, malami da likita da jahili duk bakinsu ɗaya. Haɗarin ya zo ne bayan ruwan ya janye, lokacin da rijiyoyi da burtsatsai suka kwanta suka koma garai-garai kamar ba abin da ya faru. Ido ya ce ya yi, hanci ya ce ya yi, harshe ma bai ji komai ba. A watan Oktoba gwamnatin jihar Borno ta tabbatar da ɓullar kwalara. Ba wannan ne karon farko ba, domin a watan Agustan 2017 ma ta ɓulla a sansanin Muna Garej. Ciwo ne da ke tsiyaye ruwan jikin mutum ta gudawa da amai, yana iya kashe babba mai ƙarfi cikin sa'o'i, ƙwayarsa kuwa daga bayan gidan mai ciwon take bi ta ruwa ko abinci ko hannu ta shiga bakin wani, ba ta canza launi, ba ta canza ɗanɗano.

Birnin Landan ya sha irin wannan a 1854. Akwai wani famfon rijiya a titin Broad, a unguwar Soho, da mutane ke yabon daɗin ruwansa, har wata gwauruwa da ta ƙaura zuwa Hampstead take sa a riƙa kawo mata shi a kwalba. Kwalara ta ɓarke, mutum fiye da 600 suka mutu, har da matar nan da ke nesa da unguwar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya ga duk hanyoyi sun koma ga famfon nan, ya sa hukuma ta cire masa hannu. Daga baya aka gano wani ramin masai dab da rijiyar yana tsiyaya a cikinta. Ruwan ya cika sharaɗin ido da na harshe, shi ya sa aka amince da shi, amincewar ce kuma ta kai mutane kabari. Sai bayan shekara kusan 30 Robert Koch ya ware ƙwayar cutar ya nuna ta.

A kwanakin nan na bayan ambaliya ma'aikatan lafiya sun bi unguwanni suna raba ƙwayar maganin ruwa, suna cewa a jefa a jarka a jira minti 30, ko a tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka. Suna koya wa mata haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai kyau, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wasu suka ƙi ruwan maganin, suka ce yana warin asibiti, har wani maƙwabcina ya tambaya ko alwala ta yi da shi tunda warinsa ya canza. Tambaya ce ta mai kula da addininsa, ban raina ta ba. Liman ya tuna masa cewa ruwan famfon gwamnati da ake alwala da shi a manyan masallatai, irin wannan maganin ake sa masa tun daga matatar. Haka aka yi a 2020 lokacin korona, da aka yi ta tambaya a kan sanitaiza saboda sinadarin da ke cikinta. Duk lokacin da sabon abu ya zo sai kalmomin nan biyu, tsabta da tsarki, sun yi karo a ƙofar masallaci, kuma mafi yawan lokaci rashin rarrabe su ne ke kawo gardamar.

Akwai wata cakuɗawar da ta fi ci mini rai, ita kuma ba a kan ruwa take ba, a kan mutane take. A lokacin da masu gudun hijira suka cika gari, na sha jin ana cewa ƙazamai ne, ana faɗin kalmar da wata irin murya, kamar dauɗar jikinsu ta nuna wani abu game da zuciyarsu. Matar da ke da jarka ɗaya a yini, ga 'ya'ya shida, dole ta zaɓa tsakanin sha da girki da wanki, kuma kowace uwa ta san wanda za ta zaɓa. Sabulu kuɗi ne, ruwa kuɗi ne a garin da ake sayensa a kura. Amma na ga irin waɗannan mata suna ware ɗan abin da zai cika buta saboda salla, suna ajiye zane ɗaya a ƙulle a leda ba sa taɓa shi sai lokacinta ya yi. A fiƙihun da muka karanta, jikin ɗan Adam mai rai mai tsarki ne, guminsa ma haka, ƙurar hanya ba ta hana salla. Almajirin da rigarsa ta yi baƙi ƙirin zai iya tsayawa a sahun gaba sallarsa ta inganta. Tsabta tana da farashi, talaka yakan gaza biyansa, kuma zalunci ne a hana mutum ruwa sannan a zarge shi da rashin wanka. Wanda ya ga dauɗa ya yanke hukunci a kan tsarkin zuciya ya yi irin kuskuren wanda ya ga ruwa garai-garai ya ce lafiyayye ne.

'Yar ƙanwata ta koma kan littafinta a ranar Asabar ɗin nan, ta sake karanta jimlar da aka ba ta. Magana ce a kan kayan aikin likita, sai ta zagaye sterile da fensir ba tare da ta tambaye ni ba. Iya, mahaifiyata, kuwa ba a ci nasara a kanta da hujja ba. Abin da ya sauya ta shi ne jikanta na goye da ya kwana biyu a asibiti ana ƙara masa ruwa bayan ambaliyar, Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ba ta ce wa kowa ta sauya ra'ayi ba. Mun dai wayi gari mun ga ta raba ruwan gidan biyu. Na duro, wanda mai moya ke kawowa, shi take cika butarta da shi, da shi ake wanki da wanke-wanke. Na randa kuwa sai an tafasa ya huce, ta rufe shi da faifai, ta sa an kafa ƙusa a bango an rataye moɗa mai dogon hannu. Jiya da yamma wani ɗan maƙwabta ya shigo a guje daga wasan ƙwallo, ya miƙa hannu zai tsoma kofinsa a randar, sai na ji muryarta daga kan tabarma: "Kai ɗan nan, da moɗa ake ɗiba. Je ka wanke hannunka tukuna, ga sabulu can a bakin rariya."